Yadda ake awo a labo a zafin Damagaram: gwajin fifet, kaurin DNA da ƙarfin tsimin ganye

A bazarar bara wata ɗaliba ta same ni a labo riƙe da kayenta, idonta ya yi ja. Ta ce, "Malam, na'urar nan ta lalace. Samfuri guda na auna sau uku, ta ba ni 62, ta ba ni 118, ta ba ni 85." Na ce mata, "Ɗiyata, zauna ki sake yi a gabana." Tana ɗaukar fifet, ɗan bututun nan mai maɓalli da muke ɗibar ruwa ƙanƙani da shi, na gane inda gizo ke saƙa. Ta danna maɓallin har ƙasa kafin ta tsoma, ta kwantar da fifet ɗin kamar mai rubutu da bik, kuma samfurin da ta ɗauko daga firiza bai gama narkewa ba, akwai ɗan ƙanƙara a gindinsa. Na'ura lafiyarta ƙalau. Mako uku na aikinta ne ya kusa tafiya a banza.

Abin da na nuna mata ranar shi zan shimfiɗa a nan, daki-daki, don ɗalibanmu da sababbin ma'aikatan labo. Awo uku ne: gwada fifet da sikeli, auna kaurin DNA (sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin halitta), wato yawansa a cikin ruwa, da tsabtarsa, da auna ƙarfin tsimin ganyen magani. Na jera su haka da gangan, domin na biyu da na uku a kan na farko suke zaune.

Ɗakin da za ka yi aiki

Littattafan da ke zuwa da na'urori suna cewa a yi aiki a "zafin ɗaki", kuma abin da suke nufi digiri 20 zuwa 25 ne. Mu a nan a watan Afrilu da Mayu zafin waje yana wuce 40, ɗakin da ba sanyi kuwa da azahar ba ya nisa da haka. Don haka ka rataya ma'aunin zafi a bango kusa da teburin aiki, ka rubuta abin da ya nuna a kayenka duk ranar da za ka yi awo. In ɗakin ba na'urar sanyi, yi aikin awo daga bayan asuba zuwa hantsi, ka bar wanke-wanke da rubutu su ci sauran yinin.

Rufe tagogi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko ta kafar makulli. Kashe fanka idan za ka yi amfani da sikeli, don iskarta kaɗai tana sa lambobin ƙarshe rawa. Goge tebur da alkol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, ka sa safar hannu marar hoda.

Sai ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san tsadar ruwa a garin nan, kuma idan tataccen ruwan labo ya ƙare, zuciya kan raya wa mutum ya ɗebi na famfo, ko na garuwa, ko na leda. Kada ka yi. Gishirin da ke cikinsu yana ɓata awon haske, yana kuma ɓata PCR, wato aikin ninka DNA a na'ura. Gara ka ɗage aikin zuwa gobe.

Game da kuran, na'urar auna haske mai tsohuwar fitila tana son minti 15 zuwa 30 a kunne kafin haskenta ya daidaita. In wuta ta ɗauke tsakiyar aiki aka tada gurup, fitilar ta koma farko ke nan: ka jira ta sake ɗumi, ka sake saita sifiri, sannan ka ci gaba. Wanda yake da batirin tsaro, ondilar, ya haɗa na'urar da shi.

Awo na farko: gwada fifet

A kasuwar Dole, mai sayen hatsi yana duba tiyar mai awo kafin ya duba hatsin, saboda tiyar da ta lotse za ta cuce shi a kowane awo har buhu ya cika. Fifet shi ne tiyarmu. Yana auna mikurolita, wato kashi ɗaya cikin dubu na mililita, ana rubuta shi µL, kuma ido ba ya iya bambanta 10 µL da 9 µL. Sikeli ne ke iyawa, domin mikurolita ɗaya na tataccen ruwa nauyinsa kusan miligiram ɗaya ne.

Fara da riƙo, don rabin kuskuren daga hannu yake. Maɓallin fifet yana da tsayawa biyu. Danna shi zuwa tsayawa ta farko tun yana sama, kafin ya taɓa ruwa. Riƙe shi a tsaye cak, ka tsoma bakin robar milimita 2 zuwa 3 kawai. Saki maɓallin a hankali, kada ya ƙwace daga babban yatsanka ya yi tsalle, ka jira daƙiƙa ɗaya ko biyu kafin ka cire. Wajen zubawa, jingina bakin a jikin mazubi, danna zuwa tsayawa ta farko, sannan ka ƙarasa zuwa ta biyu don fitar da ɗigon ƙarshe. Kada ka taɓa kwantar da fifet akwai ruwa a bakinsa, zai gangara cikin bututu ya ci ƙarfen ciki.

Akwai wani abu da ɗalibai ke tsallakewa, kuma a busasshiyar iskarmu ya fi ko'ina muhimmanci: jiƙa baki. Duk sabon bakin roba, ka ja ruwan ka mayar sau uku zuwa biyar kafin ka ɗebi na awo. Tsakanin fistin da ruwa akwai iska, idan busasshiya ce ruwan da ka ja yana ƙafewa cikinta, ya tura wani ɗan ruwa waje, ka sami ƙasa da abin da ka saita. Jiƙawar ce ke ƙosar da iskar da danshi.

Yanzu gwajin kansa. Kana bukatar sikeli mai nuna lamba huɗu bayan ɗigo a giram, wato mai ganin 0.1 mg, da ƴar kwalba mai murfi ko mai ƙaramin baki, da tataccen ruwa. Ajiye ruwan da fifet da bakunan roba a ɗakin sikelin awa biyu don zafinsu ya zama ɗaya. Zuba ɗan ruwa a gindin kwalbar, ɗora ta a sikeli, rufe ƙofofin gilas, mayar da shi sifiri. Saita fifet a iyakar awonsa, misali 200 µL. Ɗebo, zuba, rufe, rubuta nauyi, mayar sifiri. Yi haka sau goma. Sake yi a rabin awonsa, sannan a kashi ɗaya cikin goma.

Haɗa nauyin goman ka raba da goma. Abin da ya fita miligiram ne, sai ka mayar da shi mikurolita ta hanyar ninka shi da wata lamba da ke bin zafin ruwa: kusan 1.0029 a digiri 20, 1.0040 a digiri 25, 1.0054 a digiri 30. A ce matsakaicinka 198.3 mg ne a digiri 30. Ninka da 1.0054, ka sami 199.4 µL. Giɓin 0.6 µL ke nan. Ƙa'idar duniya ta ISO 8655 ta yarje wa fifet mai 200 µL giɓin da bai wuce 1.6 µL ba, mai 1000 µL kuma 8 µL, mai 20 µL 0.2 µL. Wannan fifet ya tsallake. Amma dubi lambobin goma ɗaya bayan ɗaya ma. Idan matsakaici ya yi kyau amma suna tsalle daga 194 zuwa 203, ko hannunka ne bai zauna ba, ko zoben roba na ciki ya bushe ya tsage. Ba wa abokin aiki ya gwada. In nasa sun taru wuri ɗaya, hannu ne, sai ka ci gaba da atisaye da ruwa har ya zauna.

Kada ka manta da ƙafewa. Bayan awo na goma, bar kwalbar a sikeli tsawon lokacin da kake ɗauka a zagaye ɗaya, ka ga nawa ta rage. A hunturu za ka ga lambar tana sauka a gabanka. Ƙara wannan ragin a kan matsakaicinka.

Gwajin yoyo kuwa ba ya cin minti ɗaya: ja ruwa a iyakar awo, riƙe fifet a tsaye daƙiƙa 20. In ɗigo ya taru a baki, yana yoyo. Manna masa takarda ka rubuta a kai, ka cire shi daga tebur har a gyara. Ƙananan fifet na 10 µL zuwa ƙasa suna son sikeli mai lamba biyar ko shida, wanda ba kowane labo ke da shi ba. In ba ka da shi, zuba sau goma a jere ba tare da mayar da sifiri ba ka duba jimilla. Za ta nuna maka babban giɓi, ko da ba ta nuna ƙarami. Ni ina yin wannan gwaji duk wata uku, da kuma duk ranar da fifet ya faɗi ƙasa.

Awo na biyu: kaurin DNA da tsabtarsa

Ka ciro DNA daga jini, ko daga ƙwayoyin cuta, ko daga ganye. Kafin ka kai shi PCR, sai ka san nawa ne a kowane mikurolita da kuma abin da ya biyo shi. Tushen awon shi ne DNA yana shan hasken da ido ba ya gani, ya fi sha a tsawon zango 260 nanomita. Gwargwadon kaurinsa, gwargwadon hasken da yake sha, wannan ita ce dokar Beer da Lambert. Idan haske ya ratsa santimita ɗaya na ruwa na'ura ta nuna 1.0 a 260, to akwai mikurogiram 50 na DNA mai igiya biyu a kowace mililita, daidai da nanogiram 50, ana rubuta shi ng, a kowane µL. Ga RNA, ɗan'uwan DNA da ke cikin ƙwayoyin halitta, lambar 40 ce, ga DNA mai igiya ɗaya 33. Waɗannan lambobi uku ka haddace su.

Fito da samfuri ka bar shi ya narke sarai. Ƙyasta gindin tib ɗin da yatsa sau da yawa, ka juya shi daƙiƙa kaɗan a na'urar juyi don ɗigon da ke murfi ya sauko. DNA na jini dogon zare ne mai yauƙi kamar kuɓewa, ba ya bazuwa da kansa, shi ya sa ɗalibar nan ta sami lamba uku daga tib ɗaya: sama tsararo, ƙasa kauri. Kada ka girgiza shi da ƙarfi a na'ura, zaren yana tsinkewa.

Sai ruwan sifiri, wanda a labo muke ce wa bulan. Dole ya zama ainihin ruwan da ka narkar da DNA a ciki, daga kwalba guda. In a ruwan TE ka narkar, wato haɗin sinadaran Tris 10 mM da EDTA 1 mM (mM, milimola, ma'aunin kaurin sinadari ne) a pH 8 (ma'aunin tsami), da TE za ka saita sifiri. In a ruwan da ya zo cikin kwalin kayan cirewa ne, da shi za ka saita. Bayan ka saita, sake auna bulan ɗin kamar samfuri. Ya kamata ya ba ka kusan sifiri. In ya ba ka wani abu, akwai dauɗa, goge ka sake.

Idan na'urarka mai ɗigo ce irin NanoDrop, aikin gajere ne amma yana son nutsuwa. Ɗora 2 µL na tataccen ruwa a kan ɗan dandamalin, sauke hannun, ɗaga, goge sama da ƙasa da takarda marar gashi. Ɗora 1.5 zuwa 2 µL na samfuri, ka duba ɗigon ya tsaya kamar ƙwayar gero, bai baje ba, ba kumfa. Sauke hannu ka auna nan take. A nan zafinmu ke cuta: ɗigon da ya kai rabin minti a buɗe ya fara ƙafewa, kaurinsa ya hau, na'ura ta ba ka lambar da ta fi gaskiya. Saboda haka rubuta sunan samfuri a kwamfuta tukuna, sannan ka ɗora ɗigon. Kada ka sake auna ɗigo guda sau biyu. Goge, ɗora sabo. Kowane samfuri ɗigo biyu ko uku, kuma ka sake saita sifiri bayan kowane rabin awa.

Idan kuma tsohuwar na'ura ce mai kubet, wato ɗan mazubin nan mai kusurwa huɗu, ka tabbata na dutsen kwaz ne ko robar da aka yi musamman don wannan haske. Gilas da roba ta yau da kullum suna shanye hasken 260 tun kafin ya kai ga DNA. Riƙe kubet ta gefen da ba ya sheƙi, goge gefen da haske ke bi, ka sa shi fuska guda kowane lokaci, ka kuma duba ruwan ya haura inda haske ke ratsawa. Auna a wuri huɗu: 230, 260, 280 da 320. Na'ura ta fi gaskiya idan lambar 260 ta faɗa tsakanin 0.1 da 1.0. In ta haura, sirka samfurin. In ta gaza, rage sirkin.

Ga misali da lambobin koyo. Ka zuba 20 µL na DNA a 480 µL na TE, sirki sau 25 ke nan. Na'ura ta nuna 0.135 a 260, 0.081 a 280, 0.015 a 320. DNA ba ya shan haske a 320, don haka duk abin da ya bayyana a can gurɓata ce, ƙura ko kumfa ko zanen yatsa, sai a cire shi daga sauran. 260 ya koma 0.120, 280 ya koma 0.066. Kauri: 0.120 sau 50 sau 25, ya ba da 150 ng/µL. Da ba ka cire na 320 ba, da 169 za ka rubuta. Dubi yadda ƙurar da ido bai gani ba ta ƙara maka kusan 19.

Tsabta kuma daga rabawa ake gane ta. Raba na 260 da na 280: 0.120 a raba da 0.066, ya ba da 1.82. DNA mai tsabta yana zama kusa da 1.8, RNA kusa da 2.0. Wannan dabara ta samo asali daga aikin Warburg da Christian a Jamus a farkon shekarun 1940. In ka ga 1.6 ko ƙasa, akwai furotin, domin shi a 280 yake shan haske, ko kuma ragowar fenol. In DNA ya ba ka 2.0 zuwa sama, RNA ya biyo shi. Amma kafin ka yanke wa samfuri hukunci, tambayi kanka a wane ruwa ka auna. Tataccen ruwan da ya daɗe a buɗe yana shan iska ya ɗan yi tsami, kuma tsamin kaɗai yana iya sauke lambar da 0.2 zuwa 0.3. Sake aunawa a TE sau da yawa yana warware maganar.

Rabawa ta biyu, 260 da 230, ita ɗalibai suka fi mantawa, ni kuma ita na fi dubawa. Ana son ta tsakanin 2.0 da 2.2. In ta faɗi ƙasa sosai, akwai gishirin guwanidin daga ruwan fasa ƙwayoyin halitta, ko fenol, ko sitaci da danƙo idan daga ganye ka ciro. Maganinsa ƙara wanki da alkol kafin ka sauke DNA daga matatar, ka kuma bar alkol ɗin ya bushe sarai. Dubi zanen da na'ura ke fitarwa ma: tudu guda mai santsi, ƙololuwarsa a 260, kwarinsa a wajen 230. In ƙololuwar ta karkata zuwa 270, fenol ne. Idan kuma kaurin bai kai 10 zuwa 20 ng/µL ba, kada ka ɗora nauyi a kan rabe-raben nan biyu, lambobin sun yi ƙanƙanta har rawar na'ura ta rinjaye su.

Akwai iyakar da ya kamata ka sani. Na'urar haske ba ta bambanta DNA lafiyayye da wanda ya daddatse, ba ta bambanta shi da RNA, ba ta kuma san na wa ne ba. Masu aikin zazzaɓin cizon sauro su lura da wannan. Idan ka ciro DNA daga ɗigon jinin da aka busar a takarda don neman alamun bijirewa magani a ƙwayar Plasmodium falciparum, irin canje-canjen ƙwayoyin gadon dhfr da dhps da suka shafi maganin rigakafin da ake ba yara da damina, ko na kelch13 da aka gano a 2014, mafi yawan abin da na'ura ke gani DNA ɗin mutum ne. Lamba mai kyau ba ta ce maka akwai na ƙwayar cutar da yawa ba. In da sinadarin Chelex ka ciro ta hanyar tafasawa, ma kada ka wahalar da kanka da awon haske, PCR ɗin da samfurin shaida, wato wanda aka riga aka san abin da ke cikinsa, shi zai gaya maka.

Wanda yake da na'urar Qubit yana da ido na biyu. Ita rini take amfani da shi wanda ba ya haske sai ya manne da DNA mai igiya biyu, don haka RNA da gishiri ba sa ruɗinta. Ana saita ta da ma'auni biyu da ke zuwa cikin kwali, a haɗa samfuri da ruwan rini su cika 200 µL, a jira minti biyu. Sai dai zafi yana taɓa ta ƙwarai, an yi ta ne don digiri 22 zuwa 28. Kada ka dumtse tib ɗin a tafin hannu, kada ka bar shi cikin na'urar yana ɗumi. In lambarta ta yi ƙasa da ta awon haske nesa, yarda da tata, ka san akwai RNA ko dauɗa. Don ganin ko DNA ya daddatse kuwa, sai jel ɗin agaros na kashi 1 cikin ɗari, wanda ake tura DNA cikinsa da kuran don ya rabu bisa tsawonsa: lafiyayye yana tsayawa sama a dunƙule, wanda ya lalace yana jan jela har ƙasa.

Daga nan ka daidaita samfuranka su zama kauri ɗaya. Kaurin da kake so sau yawan da kake so, a raba da kaurin da kake da shi. Kana son 60 µL mai 20 ng/µL daga mai 150: 20 sau 60 a raba da 150, 8 µL ke nan, ka cika da 52 µL na ruwa. In lissafi ya ba ka abin da bai kai 2 µL ba, yi sirki na tsakiya tukuna, don fifet ba shi da amana a irin wannan ƙanƙanta.

Awo na uku: ƙarfin tsimin ganye

Ɗalibai da yawa a Jami'ar André Salifou da sauran makarantun lafiya suna son yin bincike kan itatuwan da iyayenmu ke magani da su: sabara, bagaruwa, marke, aduwa. Wannan abin farin ciki ne a wurina. Gwajin da aka fi farawa da shi shi ne na DPPH, wanda Blois ya fito da shi a 1958. Hoda ce da in an narkar da ita a metanol take ba da launin shuni mai duhu, tana shan haske a 517 nanomita. Idan tsimi yana da sinadaran da ke kashe kaifinta, launin yana kwaranyewa zuwa rawaya.

Auna 3.94 mg na DPPH ka narkar a 100 mL na metanol, ka sami 0.1 mM. Naɗe kwalbar da takardar alminiyam, haske yana kashe ta, kuma ka haɗa sabo a ranar aiki. Metanol guba ne, yana makantarwa, yana kama wuta, yana tafasa tun a digiri 65. A ɗakinmu mai zafi yana gudu daga buɗaɗɗen tib, tsimin ya yi kauri ba ka sani ba. Kowane tib da murfinsa, kuma ka jiƙa bakin fifet sosai, in ba haka ba zai riƙa ɗiga.

Narkar da 10 mg na busasshen tsimi a 10 mL na metanol. Ɗebi 2 mL ka ƙara 8 mL, ka sami 200 µg/mL, tib na farko ke nan. Jera wasu tib biyar, kowane da 5 mL na metanol. Ɗebi 5 mL daga na farko zuwa na biyu, gauraya sosai, canza baki, ɗebi 5 mL daga na biyu zuwa na uku, haka har ƙarshe: 200, 100, 50, 25, 12.5, 6.25. Gaurayawa da canza baki a kowane mataki wajibi ne, domin kuskuren tib na biyu yana bin duk na bayansa yana ninkuwa.

Daga kowane tib, haɗa 1 mL da 1 mL na DPPH, sau uku-uku. Lura, haɗawar ta raba kaurin biyu, don haka abin da za ka rubuta a sakamako 100, 50, 25, 12.5, 6.25 da 3.125 ne. Na ga kundi fiye da ɗaya da aka manta wannan. Kana bukatar shaidu uku: metanol da DPPH ba tsimi, shi ne cikakken launi, tsimi da metanol ba DPPH, don cire launin ganyen kansa, wanda ga ɓawon itace mai ja ba ƙarami ba ne, da jerin bitamin C da aka sirka kamar tsimin, don kwatanci. Sa duka a duhun durowa minti 30, ka zuba DPPH a jere da tazara guda, ka karanta a jeren da tazarar, don kowane tib ya sami mintinsa 30 cif. Saita sifiri da metanol zalla.

Lissafi: cikakken launi a cire na samfuri, a raba da cikakken launi, a ninka da 100. A ce cikakken launi 0.600 ne. A kauri 12.5 ka sami 0.372, kashi 38 ke nan. A 25 ka sami 0.228, kashi 62. Kaurin da ke kashe rabin launi, wanda ake kira IC50, yana tsakaninsu. In ka ja miƙaƙƙen layi za ka sami 18.8, in ka zana da logaritim na kauri, wanda ya fi dacewa da jerin da ake ninkawa, za ka sami 17.7. Faɗi hanyar da ka bi a kundinka. Ƙaramar IC50 ita ce tsimi mai ƙarfi. Idan duk ma'aunanka sun haura kashi 50, ko duk sun gaza, ba ka da IC50, kada ka ja layi zuwa inda ba ka auna ba. Sauya jerin ka sake.

Abu ɗaya nake roƙon ɗalibai a nan. Wannan gwaji yana nuna abin da ya faru a cikin tib ne tsakanin tsimi da wani sinadari. Bai ce ganyen yana warkar da ciwon sukari ko hawan jini ba, bai kuma ce ba ya cutar da hanta ko ƙoda ba. Mutanen gida suna sauraronku domin kun shiga labo, kalma ɗaya daga bakinku tana iya sa tsohuwa ta ajiye maganin likita. Ku rubuta abin da kuka auna, ku tsaya a nan. Kuma sau uku-uku a rana ɗaya hannunka kawai yake gwadawa. Sai ka maimaita dukan aikin a rana uku daban, da sabon DPPH, kafin ka kira lambar sakamako.

Rubutu da ajiya

Rubuta da bik a kaye mai ɗinki, nan take: kwanan wata, zafin ɗaki, lambar fifet, ruwan da ka yi bulan da shi, ɗanyen lambobin na'ura kafin kowane lissafi, da lokacin da wuta ta ɗauke in ta ɗauke. Lambar da ba ta yi maka daɗi ba ja mata layi ɗaya ka rubuta dalili, kada ka goge. Wajen shigarwa a Excel ka kula: na'urori da yawa ɗigo suke sawa, 1.82, kwamfutar da aka saita da Faransanci kuma waƙafi take jira, 1,82, sai ta ɗauki lambar a matsayin rubutu ta tsallake ta wajen lissafi ba tare da ta gaya maka ba. Duba lambobin sun jingina dama a cikin akwatunansu.

DNA kuwa, raba shi ƙananan tib biyu ko uku kafin ka sa a firiza mai digiri 20 ƙasa da sifiri, don narkewa da daskarewa a kai a kai suna tsinka shi. Wanda kake aiki da shi a makon zai zauna lafiya a firigo cikin TE. Cika gurbin firiza da gorunan ruwa masu ƙanƙara, ka manna takarda a ƙofar cewa kada a buɗe idan babu kuran. In za ka aika samfuri Yamai, zuwa cibiyar binciken lafiya ta CERMES ko wani labo, tafiyar kusan kilomita 900 ce a mota. Naɗe murfin kowane tib da ledar rufi ta Parafilm, rubuta lamba a murfi da kuma a jiki da alƙalamin da alkol ba ya gogewa, ka sa takardar jerin samfuran a leda daban a saman kular, kwafi ɗaya kuma ya zauna a kayenka.